Ciwon Zuciya a Jikin Kyanwa, Mai Gadin Rumbu

 A wannan fitowa za mu yi magana a kan wata dabba wadda ba a kai ta kasuwa, ba a kuma lissafa ta cikin dukiya, amma tana tsaron dukiyar kowa. Ita ce kyanwa, wadda waɗansu ke kira mage, mutanen ƙasarmu kuma su ce mussa.

Sau da dama mukan ji an ce kyanwar gidan wane ta kwana lafiya, da safe aka tarar da ita a mace. Ko kuwa a ce ƙafafunta na baya sun shanye farat ɗaya. Nan da nan sai a fara zargi. Wani ya ce maƙwabci ne ya sa mata guba, wani ya ce yara ne suka jefe ta, wani ma ya kawo zancen maita. Da haka zumunci yakan lalace a kan abin da ba wanda ya aikata. Gama kyanwa tana da zuciya kamar tamu, zuciyar kuma takan kamu da ciwo. Ya kamata mu san yadda ciwon yake, mu san abin da za mu iya yi.

DON ME ZA MU DAMU DA KYANWA?

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan Kogin Sakkwato a 1978, noman rani ya zauna a ƙasarmu. Inda ake girbi da damina da rani, ɓera ba ya rasa abinci. Kusu ɗaya yakan ci kimanin kashi ɗaya cikin goma na nauyin jikinsa kowace rana, abin da yake ɓatawa da fitsari da kashi kuwa ya fi abin da yake ci. Macen takan ɗauki ciki na wajen mako uku kawai. Saboda haka ma'ajin da aka bari ba tsaro wata biyu ko uku, sai a tarar buhunan shinkafa sun zama tsumma.

Ban da hasarar hatsi akwai cuta. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa cikin Jihar Borno ta yanzu, wani ɓera mai nonuwa da yawa ne ke yaɗa shi ta fitsarinsa da kashinsa a kan abinci. Cikin shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke bayarwa domin tsare gida daga wannan cuta, akwai rufe hatsi a mazubin da ɓera ba ya iya shiga, da tsabtace gida, da ajiye kyanwa.

In kuwa kyanwa mai kamu ta mutu, ba a samun madadinta a rana ɗaya. Cikin kyanwa yakan yi wajen kwana 63, ɗan kuma sai ya yi watanni kafin ya iya farauta sosai. A tsakanin nan ɓera ya sake.

YADDA ZUCIYA KE AIKI

Zuciyar kyanwa ba ta fi goro babba girma ba. Aikinta irin na injin ban ruwa ne: ta jawo, ta tura. Tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa. Ɓangaren dama yana tura jini zuwa huhu domin ya ɗebo iska mai kyau. Ɓangaren hagu yana karɓar wannan jini, ya tura shi ko'ina cikin jiki. Akwai kuma ƙofofi huɗu masu ƙyaure, waɗanda ke buɗewa jini ya wuce, su rufe don kada ya komo baya, kamar dai ƙofofin da muke gani a magudanan ruwan fadamarmu.

Zuciyar babban mutum takan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya. Ta kyanwa kuwa takan buga sau 140 zuwa 220. Don haka in kun ɗora hannu a ƙirjinta, bayan gwiwar ƙafar gaba ta hagu, kuka ji tana bugawa da sauri, kada ku tsorata. Haka Allah ya yi ta.

BAƘUWAR ƘARA A ZUCIYA

Abin da likita ke maƙalawa a kunne ya saurari ƙirji, wani likitan Faransa mai suna Laennec ne ya ƙago shi a birnin Faris a 1816. In likitan dabbobi ya ɗora shi a ƙirjin kyanwa mai lafiya, yakan ji ƙara biyu, dum-dum, dum-dum. Ƙarar rufewar ƙofofin nan ke nan. Amma wani lokaci yakan ji wata baƙuwar ƙara a tsakaninsu, kamar shuu, shuu.

Duk manomin rani ya san wannan ƙara. Ruwan da ke tafiya a hankali cikin babbar magudana ba a jin motsinsa. Amma in ya iso wurin da ya matse, ko ƙofar da ba ta rufu da kyau ba, sai ya yi ta tumbatsa yana ƙara. Haka jini yake a cikin zuciya. Likitoci sukan auna ƙarfin wannan ƙara daga 1 zuwa 6. Ta ɗaya da ƙyar ake jinta, ta biyar da ta shida kuwa har hannu yana jin ƙirjin yana karkarwa.

Abubuwan da ke kawo baƙuwar ƙara su ne:

1. Tsoro. Kyanwar da aka kama aka danne, zuciyarta takan yi gudu, jini ya yi ƙara, alhali lafiyarta lau.
2. Ƙuruciya. Waɗansu 'ya'yan kyanwa sukan yi ƙaramar ƙara wadda ke ɓacewa da kanta kafin su kai wata shida.
3. Ƙarancin jini. In ƙuma da tsutsar ciki sun shanye jini, sai ya tsinke, ya riƙa ƙara.
4. Lahani tun daga haihuwa, kamar ɗan rami a bangon da ya raba ɗakunan zuciya.
5. Ciwon naman zuciyar kansa.

Ku lura da wannan da kyau. Ba kowace kyanwa mai baƙuwar ƙara ke da ciwon zuciya ba, ba kuma kowace mai ciwon zuciya ke da ƙarar ba. A 2015 masana na kwalejin likitancin dabbobi ta London suka fitar da sakamakon awon kyanwoyi 780 waɗanda a ido lafiyayyu ne. Wajen 41 cikin 100 suna da baƙuwar ƙara, amma wajen 15 cikin 100 ne aka samu da kaurin zuciya. Sun kuma ga ciwon ya fi yawa a tsofaffi da muzurai. Wannan ƙidaya ta kyanwoyin Ingila ce, amma ginin zuciyar kyanwa iri ɗaya ne ko'ina.

MANYAN CIWACE-CIWACEN ZUCIYAR KYANWA

Na fari shi ne kaurin zuciya, shi ne kuma ya fi yawa. Bangon babban ɗakin hagu yakan yi ta kauri ta ciki. Ku ɗauki misalin rumbun da ake yi wa yaɓe ta ciki kowace shekara. Daga waje yana nan yadda yake, amma damin da yake ɗauka sai raguwa yake yi. Haka zuciya mai kauri ba ta ɗaukar jini isasshe, ba ta kuma sakin jiki ta cika da kyau. Jinin da ya rasa wurin shiga sai ya taru a ɗakin sama, ɗakin ya kumbura, daga nan ruwa ya fara tsattsafowa cikin huhu ko kewaye da shi. Wannan ciwo yakan bi jini daga iyaye zuwa 'ya'ya. A tsohuwar kyanwa kuma hawan jini, ko ciwon wata 'yar halitta da ke maƙogwaro, sukan sa zuciya ta yi kauri. Ba a warkar da kaurin gado, amma kyanwoyi da yawa sukan yi shekaru da shi suna aikinsu.

Na biyu shi ne sakin zuciya. A nan bangon yakan yi siriri, zuciya ta buɗe ta zama kamar tsohuwar salka, ba ta da ƙarfin tura jini. A 1987 Dokta Paul Pion da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka suka gano cewa yawancin kyanwoyi masu wannan ciwo sun rasa wani sinadari ne mai suna tawurin. Da aka ba su shi, sai zuciyarsu ta farfaɗo. Daga nan kamfanonin abincin kyanwa suka ƙara shi cikin abincin, ciwon kuwa ya ragu ƙwarai a ƙasashen da ake sayen irin wannan abinci.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Jikin mutum da na kare suna iya haɗa tawurin da kansu, amma jikin kyanwa ba ya haɗa wanda zai ishe ta. Tilas ta same shi a nama ko kifi. Babu shi a tuwo, ko koko, ko shinkafa, ko wake. A nonon saniya ma kaɗan ne. Kyanwar da ke kama ɓera kullum tana samun rabonta, gama naman ɓera yana da shi da yawa. Amma wadda aka kulle a ma'aji bayan ɓeraye sun ƙare, ana ba ta ɗumamen tuwo kaɗai wata da watanni, tana cikin haɗari. Rashin tawurin yakan kuma makantar da ita, ya sa ta haifi 'ya'ya raunana.

Na uku ita ce tsutsar zuciya, wadda sauro ke ɗaukowa daga jinin kare mai ita. Ta fi kama karnuka, amma takan kama kyanwa, tsutsa ɗaya ko biyu kuwa sun isa su kashe ta. Alamunta tari, da amai, da wahalar numfashi. Mu da muke zaune kusa da ruwa rani da damina, ya kamata mu san da ita.

ALAMUN DA ZA MU DUBA

Kyanwa dabba ce mai ɓoye ciwo. Kare mai ciwon zuciya yakan yi tari, amma kyanwa ba safai take yi ba. Saboda haka sai mun sa ido.

1. Numfashi. Wannan shi ne awo mafi amfani, ba ya kuma cin ko kwabo. Ku bari ta yi barci sosai a inuwa. Ku dubi haƙarƙarinta: tashi da sauka ɗaya, numfashi ɗaya ke nan. Ku ƙirga na daƙiƙa 30 da agogo ko wayar hannu, ku ninka biyu. Mai lafiya ba ta wuce 30 a minti ɗaya in tana barci. In kullum tana wuce haka, akwai magana.
2. Numfashi da baki buɗe. Kare yakan yi haki, ba komai. Kyanwa kuwa, in ba ta yi gudu ba, ba kuma zafin bazara ne ya dame ta ba, ta zauna ta buɗe baki, ta miƙe wuya, cikinta yana bugawa, to ranta yana cikin haɗari.
3. Dasashi. Ku ɗaga leɓenta a hankali. Dasashin mai lafiya ja-ja ne mai haske. In ya yi fari, jini ya yi ƙaranci. In ya yi shuɗi-shuɗi, iska ba ta isa jini.
4. Kasala. Ta daina hawa katanga, ta daina farauta, ta zama kyanwar Lami, ba cizo ba yaƙushi. Ta rage ci, ta rame, ta riƙa ɓuya.
5. Suma, ko faɗuwa ba dalili.

IN ƘAFAFUN BAYA SUN SHANYE

Wannan shi ne abin da ya fi jawo zargi, don haka bari mu bayyana shi. A ɗakin zuciya da ya kumbura, jini yakan tsaya ya yi guda. Wata rana gudan ya ɓalle, ya bi babbar jijiya, ya je ya toshe mararrabar da jijiyar ta rabu zuwa ƙafafun baya biyu, kamar yadda tarin ciyawa ke toshe bakin magudana. Nan take kyanwa ta fara kuka mai tsanani tana jan ƙafafu. In kun taɓa su za ku ji sun yi sanyi, naman ya yi tauri, tafin ƙafar ya yi fari ko shuɗi, babu kuma rauni ko jini a jiki. Ba wanda ya doke ta.

Kada a murza ƙafafun, kada a gasa su da ruwan zafi, kada a yi tsaga. A sa ta cikin kwali ko kwando da tsumma, a nemi likitan dabbobi a ranar. Gaskiya ita ce da yawa ba sa tashi, waɗanda suka tashi ma abin yakan komo. In likita ya ga azabar ta yi yawa, ya ba da shawara a hutar da ita, wannan ma jinƙai ne.

Amma ga gargaɗi mai nauyi. Ciwon haukar kare yana kama kyanwa, shi ma yakan shanye ƙafafu. In halinta ya sake, tana dalalar da miyau, tana kai cizo ba dalili, kada kowa ya taɓa ta, a kau da yara. Wanda ta ciza ko ta yaƙusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, ya tafi asibiti a ranar domin allura. Kada a jira a ga alama, gama in alama ta fito ba magani.

ABUBUWAN DA BA ZA MU YI BA

1. Kada a ba kyanwa Panadol ko kowane farasitamol. Ƙwaya ɗaya takan kashe ta, domin hantarta ba ta iya narkar da shi. Asfirin da sauran magungunan ciwon jiki na mutane su ma haɗari ne in ba likita ne ya auna ba.
2. Kada a yi mata wanka da maganin kaskar shanu, ko na kare, ko maganin feshin gona. Da yawa cikinsu guba ne gare ta.
3. Kada a riƙa ba ta ragowar miya mai albasa da tafarnuwa da yawa. Suna fasa ƙwayoyin jininta, su kawo ƙarancin jini.
4. Kada a haɗa kyanwa da maganin ɓera a wuri ɗaya. In ta ci maganin, ko ta yi ta cin ɓerayen da suka ci shi, ita ma za ta kamu. Akwai irin da ke hana jini daskarewa. Alamunsa farin dasashi da saurin numfashi, har a ɗauka ciwon zuciya ne. Wannan yana da makari a hannun likita in an yi hanzari, sai a tafi da kwalin maganin.
5. In za a sa ƙwayar turaren hatsi a ma'aji, a fitar da kyanwa tukuna, kada ta koma sai an buɗe iska ta shiga.
6. Kada a kori mai wahalar numfashi da gudu domin a kama ta, kada kuma a ɗura mata ruwa ko magani. Tsoro kaɗai ya isa ya ƙarasa ta.

ABUBUWAN DA ZA MU YI

Rigakafi ya fi magani. Waɗansu sun ce a bar kyanwa da yunwa don ta fi kama ɓera. Wannan ba daidai ba ne. Farauta halinta ce, ko ta ƙoshi za ta yi. Mai yunwa kuwa ba ta da ƙarfi, takan kuma bar gida ta shiga satar 'yan tsaki a maƙwabta.

Saboda haka a riƙa ba ta ɗan nama ko kifi a kai a kai. Ba sai an kashe kuɗi da yawa ba. Guntayen da mahauta ke ragewa ran kasuwa, da kan kaza, da ƙananan kifi daga masunta, duk sun yi. Zuciyar dabba ta fi yawancin nama tawurin. Hanta kuwa kaɗan-kaɗan, gama yawanta yana cutarwa. A dafa kifin, a cire manyan ƙayoyi, a ba ta har da romon, domin tawurin yakan narke ya koma cikin ruwan dahuwa. A ajiye mata ruwa mai tsabta a inuwa, musamman daga Maris zuwa Mayu.

A nemi maganin tsutsa da na ƙuma wanda aka yi domin kyanwa daga wurin malamin dabbobi, a kuma yi mata allurar rigakafin haukar kare. In kyanwa da 'ya'yanta suna ta mutuwar farat ɗaya tun suna ƙanana, kada a ci gaba da rarraba irinta. A nemo daga wani gida.

In an ga alamun da muka ambata, a fara da malamin dabbobi na ƙaramar hukuma. Zai saurari ƙirji, ya duba dasashi. In ruwa ya taru a huhu, akwai maganin da ke sa fitsari ya fitar da shi. In kewaye da huhu ya taru, likita yana iya zuƙe shi da allura, kyanwa ta samu sauƙi nan take. Akwai kuma ƙwayar da ke rage daskarewar jini. Amma a tabbatar da irin ciwon, sai da na'urar da ke nuna hoton zuciya tana motsi. Irin wannan bincike mai zurfi sai a manyan asibitocin dabbobi ake nemansa, kamar asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Mun san ba kowa zai iya wannan tafiya domin kyanwa ba. Shi ya sa muka fi ba da ƙarfi ga abin da ke hannunmu: abinci, da kau da guba, da ƙirga numfashi.

AIKIN ƘUNGIYA

Muna ba kowace ƙungiya mai ma'ajin hatsi shawara ta yi abubuwa huɗu. Ta ajiye kyanwa biyu, don in ɗaya ta kasa ɗayar ta riƙe gadi. Ta naɗa mutum ɗaya mai kula da su, ya riƙa ƙirga numfashinsu sau ɗaya a wata yana rubutawa a littafin ma'aji. Ɗan makaranta ma zai iya. Ta ware ɗan kuɗi cikin asusu domin abincinsu da magani. Ta kuma tara dabbobin 'yan ƙungiya a rana ɗaya ta gayyato malamin dabbobi, domin kuɗin zuwansa ya yi sauƙi a kan kowa.

Kada mu manta, kyanwa ita kaɗai ba ta isa ba. A toshe ramuka, a ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, a share zubabben hatsi, a nome ciyawar da ke kewaye da ma'aji. In kuwa kyanwa ta mutu farat ɗaya, a binne ta da zurfi, a wanke hannu, kada a ɗora wa kowa laifi ba shaida. Zato zunubi ne.

TAMBAYOYI DOMIN TARON ƘUNGIYA

1. Buhu nawa ɓera ya ɓata mana a ma'aji bara, nawa ne kuma kuɗinsu?
2. Me muke ba kyanwoyinmu su ci a lokacin da ɓera ya yi ƙaranci?
3. Waɗanne magunguna ne muke ajiyewa a gida da za su iya kashe kyanwa, ko ma yaro?
4. Wa zai ɗauki aikin ƙirga numfashi daga wannan wata?

Ku tattauna waɗannan, ku aiko mana da abin da kuka yanke ta hannun magatakardanku. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana abin da muka tara.